Shawara: Mahaifinmu ya bar mana kwalin kaset ɗin DAT, ta yaya za mu juye su a kwamfuta?

Wani bawan Allah ya rubuto mana daga Daura, ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, mai haɗa lasifika ne a wajen biki da wasa, kuma duk inda ya kafa kayansa sai ya ɗauki wasan. Ya bar ƙananan kaset 62 da aka rubuta DAT a jikinsu, na tsakanin 1996 da 2003. Akwai wasannin kalangu na bukukuwa, akwai kiɗan fada na Sallar Gani, akwai na masu garaya da kukuma. Ya kuma bar rikodar da yake ɗauka da ita, Sony TCD-D8. Na sa mata batir na gwada kaset ɗaya, ya yi kamar minti biyar sai sautin ya fara tsittsinkewa, daga nan ta cinye zaren. Yayanmu ya ce in daina wahalar da kaina, a kai wa mai tura waƙa a kasuwa ya jona ta ramin abin kunne ya zuba mana a memori, a sayar da rikodar a raba kuɗin. Ni raina bai kwanta ba, kuma ba na son jayayya da shi. Ina da laftof. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa, ya albarkaci abin da ya bari.

Kafin ka ƙarasa karanta wannan amsa, je ka cire batiran rikodar nan, kuma kada ka ƙara sa mata ko kaset ɗaya. Abin da ya sa ta ci zaren farko yana nan a cikinta, zai kuma ci na biyu. Rashin kwanciyar ranka yana da hujja. Shi ma Yaya yana da tasa gaskiyar a wuri ɗaya: barin kaset ɗin nan a kwali shekara da shekaru ba adanawa ba ne, domin na'urorin da ke iya karanta su ƙarewa suke yi.

Kamfanin Sony ne ya fito da DAT, wato Digital Audio Tape, a 1987, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Katsina, ya kuma daina ƙera na'urorin a ƙarshen 2005. Duk rikodar DAT da za ka samu yau tsohuwa ce, kayan gyaranta kuma yawanci sai an ciro daga wata da ta mutu. Inda kaset ɗin DAT ya bambanta da wanda muka saba da shi, ba sautin ne kwance a kan zaren ba, lambobi ne. Na'urar kan auna sauti sau 48,000 ko 44,100 a kowace daƙiƙa, ta rubuta kowane awo da bit 16, wato gurabe 16 na sifili ko ɗaya, hagu daban dama daban. Faɗin zaren milimita 3.81 ne kacal. Hedin yana jikin wani dorom mai juyawa da gudu, yana zana layuka a karkace, kowane layi ya fi silin gashi siranta nesa ba kusa ba. Shi ya sa kaset ɗin DAT ba ya tsufa sannu a hankali. Na'urar na gyara kurakurai tana ɓoye su har zuwa ranar da suka fi ƙarfinta, sai ka ji ƙara mai tsaga kunne ko shiru. Amma tunda lambobi ne, ana iya kwashe su zuwa kwamfuta yadda suke, ba ragi ba ƙari, fayil ɗin ya zama daidai da abin da Baba ya ɗauka a filin wasa. Wannan shi ne aikin da ke gabanka: ka kwashe lambobin sau ɗaya, a kan lafiyayyar na'ura, ba tare da wani abu ya taɓa su a hanya ba.

Hanyar mai tura waƙa ba za ta ba ka haka ba. Da farko ma ba shi da na'urar DAT, da rikodar nan mai cin zare zai yi aikin. Sannan ramin makirfo na waya ko laftof yawanci ɓangare ɗaya yake ɗauka, hagu da dama su cakuɗe. Akwai kuma dabarar rage hayaniya da daidaita ƙarfin murya da aka saka domin mai magana, wadda za ta ɗauki amon kalangu da tambari a matsayin hayaniya ta danne su. Daga ƙarshe a matse shi zuwa MP3, wanda zubar da wani sashe na sautin yake yi don fayil ya ƙanƙance, abin da ya zubar kuma ba ya dawowa.

Fara da abin da ba ya buƙatar ko kwabo. Ka share ɗaki, ka rufe taga, ka wanke hannu ka busar, ka jera kaset ɗin. Ba kowanne lamba daga 1 zuwa 62, a jikin kaset da jikin gidansa, ka ɗauki hoton duk rubutun hannun Baba. A gefen kowane kaset akwai ɗan makulli da ake turawa. Tura shi ramin ya buɗe, ta yadda ko an danna maɓallin ɗauka bisa kuskure ba zai goge ba. Daga nan ka leƙa ta ƙaramar tagar kaset da tocila. Wanda ka ga fari-fari ko toka-toka a gefen naɗin zarensa, fumfuna ce ta damina, ware shi. Fumfuna na toshe hedi nan take, ta kuma bi na'urar ta shafi kaset na gaba. Sa irin waɗannan a mazubi mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu tsotse danshi da ake samu a kwalin sabon takalmi, su yi mako biyu ko uku. Bushewa na tsayar da ita amma ba ya cire ta, gogewar kuma aikin mai gyara ne, don haka su ne na ƙarshe a layi. Kada ka shanya kaset a rana, kada ka shafa wa zaren sifirit. Ka kuma lura da tsawon da aka rubuta. Mai minti 120 zarensa mita 60 ne. In ka ga 90m ko 180, zaren awa uku ne marar kauri, ya fi saurin naɗewa a tsohuwar na'ura, su ma a jinkirta su.

Wanda aka cinye, in har yana cikin rikodar, kada ka ja shi. Mai gyara zai buɗe murfin ya juya giyar da hannu har zaren ya saki, sannan ya naɗe shi a hankali. Wurin da ya yamutse zai yi ƙara ko ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sauran kaset ɗin lafiya lau. In ya tsinke, ba a haɗa shi da salatif yadda ake yi wa kaset ɗin rediyo, domin gaɓar na iya karya hedi ko ta shafa masa danƙo. Raba shi ake yi gida biyu, kowane rabi a gidan kaset nasa.

Sai maganar na'ura, wadda ita ce mafi wahala da tsada. Abubuwan da kan sa rikoda cin zare sanannu ne: ƙaramar tayar roba mai matse zare ta taurare ta yi santsi, ko girisin giya ya bushe sandunan da ke jan zare su kasa kaiwa mazauninsu, ko ɓangaren da ke naɗe zare ya yi rauni zaren ya taru a ciki, ko raɓa ta kwanta a kan dorom zaren ya manne. Mai gyaran waya ba zai gane wannan ba. Nemi dattijon da ya yi gyaran bidiyo a zamanin kaset ɗin VHS ko kyamarar ɗaukar biki mai kaset, domin tsarin ɗaya ne, na DAT dai ƙanana ne. Tambayi tsofaffin injiniyoyin gidajen rediyo da talabijin na Katsina da Kano da Kaduna, da masu tsofaffin situdiyo a Kano. A wajensu ne ma za ka fi samun babbar na'ura ta aro ko ta haya, irin su Sony PCM-R500, Tascam DA-30 ko DA-40, ko Panasonic SV-3800. Waɗannan sun fi ƙaramar rikodar hannu tausaya wa zare, da su ya kamata a yi yawancin aikin.

Duk da haka kada a sayar da rikodar Baba, ka roƙi Yaya ya yi haƙuri da wannan har a gama. Rikodar da ta sha yawo a filin wasa saitin sandunanta kan ɗan goce, duk abin da ta ɗauka kuma da wannan gociyar ta rubuta shi. Sai ka ga kaset yana ƙara a lafiyayyar na'ura, amma ya fita tas a wadda ta ɗauke shi. Saboda haka ka ja kunnen mai gyara: ya canza roba, ya sa sabon girisi, ya wanke, amma kada ya taɓa sukurorin saitin sandunan da ke gefen dorom. In ya "gyara" su, ya rufe maka ƙofar da watakila ita kaɗai ta rage wa wasu kaset.

Wankin hedi da sifirit ɗin isofurofil mai kashi 99 cikin ɗari ake yi, ba na kemis mai ruwa ko mai launi ba. A ɗiga shi a ƙyalle marar gashi ko tattausar fata, a dafa a jikin dorom ba tare da motsa hannu ba, a juya dorom ɗin da yatsa. Ba a gogawa sama da ƙasa, haka hedi ke karyewa, kuma ba a sa auduga domin zarenta na maƙalewa. Kaset ɗin wanki yana kankare hedi ne, daƙiƙa goma ta isa, ba kullum ba. Bayan gyara, a gwada na'urar da kaset ɗin da ba a damu da shi ba, ya yi tafiyarsa daga farko har ƙarshe, kafin na Baba ya shiga.

Duba bayan na'urar kafin ka jona ta da wuta. Tamu bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Jafan 100, kuma da yawa daga cikin waɗannan na'urori daga can aka shigo da su. In ba a sa taransifoma mai rage wuta ba, jonawa ɗaya ta isa ta ƙone ta. Aikin kuma a kan inbata da batir za a yi shi, ba a kan wutar gari ko janareto kai tsaye ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar juyi, zare zai tsaya naɗe a jikin dorom, fayil ɗin ma ya lalace. A bazara ka yi aiki da sassafe ko da dare. A hunturu ka rufe ƙofa da taga, ka lulluɓe na'urar in an gama. Kaset ɗin da aka ɗauko daga wani ɗaki ko daga mota mai sanyi ya kwana ya wuni a ɗakin aikin kafin a sa shi, saboda raɓa.

Yanzu haɗin. A bayan babbar na'ura za ka ga an rubuta DIGITAL OUT, a ƙarƙashinsa COAXIAL ko OPTICAL ko AES/EBU. Na farko rami ne irin na bidiyo, yana son kebul mai lamba 75 ohm, kuma kebul ɗin nan mai ruwan ɗorawa na tsohon bidiyo ko DVD yana yi in gajere ne. Na biyu kebul ne mai ɗaukar jan haske, ba a lanƙwasa shi sosai. Na uku mai baki uku ne irin na makirfo, 110 ohm. Rikodar Baba ba ta da ko ɗaya a cikinsu. Nata rami ne na musamman mai fil bakwai, sai da kebul ɗin Sony irin su POC-DA12 mai fitar da haske. In za ka saya ka tabbatar yana fitarwa, domin wasu masu fil bakwai shigarwa kawai suke yi.

Laftof ba ta da ramin karɓar wannan, sai an sa akwatin sauti na USB a tsakani, wanda aka rubuta S/PDIF IN a jikinsa, wato ramin shigar lambobin sauti. Focusrite Scarlett 6i6 da 8i6 suna da shi, 2i2 da ta fi yawa a situdiyo ba ta da shi. In ramin akwatin bai dace da na na'urar ba, akwai ɗan ƙaramin akwati mai mayar da haske zuwa kebul ɗin bidiyo ko akasin haka, ba ya taɓa lambobin. Akwai hanyar da mu muka fi so wa mai fama da wuta: ƙaramar rikodar zamani mai karɓar lambobi kai tsaye, kamar Marantz PMD661 ko Sony PCM-D50. Da batir suke aiki, su rubuta fayil ɗin WAV, wato fayil ɗin sauti da ba a matse ba, a cikinsu, daga baya ka kwashe zuwa laftof. Wannan na raba ka da rabin matsalolin da ke tafe.

A nan ne mafi yawan masu wannan aiki ke ɓata shi ba su sani ba, don haka karanta a natse. Na'urar DAT na da agogonta na ciki mai ƙidaya lambobin da take fitarwa, akwatin sauti ma na da nasa. Babu agogo biyu da ke tafiya daidai da daidai. In kowanne ya bi nasa, jim kaɗan ɗaya zai riga ɗaya, lamba ta faɗi ko ta maimaitu, ka riƙa jin ƙas, ƙas a tazara iri ɗaya cikin waƙar. A tsakiyar kiɗa mai zafi ba lallai ka lura ba sai bayan ka gama kaset ashirin. Maganinsa, ka buɗe manhajar akwatin, wajen da aka rubuta Clock Source ko Sync, ka mayar da shi S/PDIF maimakon Internal, ka jira ya nuna Locked. Wato akwatin ya ajiye nasa agogon ya bi na DAT.

Na biyu, yawan awon. Da ka kunna kaset, fuskar na'urar za ta nuna 48 ko 44.1 ko 32, manhajar ɗauka kuma dole a sa ta a kan wannan adadi. In kaset na 48 ne fayil ya fito da sunan 44.1, waƙar za ta yi nauyi da kusan kashi 8 cikin ɗari, muryar mawaƙi ta yi kauri, kalangu ya sauka daga inda makaɗi ya ɗaure shi. Mutum irin Baba da ke ɗaukar biki biyu ko uku a kaset ɗaya yana iya canza adadin a tsakiya, saboda haka idonka na kan fuskar na'urar. Da ya canza, tsaya, gyara, buɗe sabon fayil. In kuwa ka ga LONG ko LP, an ɗauka ne da tsarin ninka tsawon kaset, awo 32,000 da bit 12. Ba kowace na'ura ke karanta shi ba, PCM-R500 da rikodar Baba suna yi. Akwatunan USB da yawa ma ba sa karɓar 32, har da Scarlett, waɗanda daga 44.1 suke farawa. Irin waɗannan kaset ko ka nemi akwatin da ke karɓa, kamar na kamfanin RME, ko ka ɗauke su ta LINE OUT zuwa akwatin sauti a kan 48 da bit 24, ka saita ƙarfin yadda bugu mafi ƙarfi zai tsaya wajen 6 ƙasa da sifili a ma'aunin ƙarfin sauti na manhajar.

Na uku, Windows. In ka bar ta, takan bi da sauti ta cikin mahaɗinta ta sake lissafa lambobin. Hanyar kauce mata ita ce direban ASIO da ke zuwa da akwatin, a cikin manhaja irin Reaper. Audacity kyauta ce amma ba ta zuwa da ASIO. In da ita za ka yi, zaɓi WASAPI, ka daidaita adadin awo a saitin sautin Windows da na kaset, ka kashe duk wani ƙarin gyaran sauti, ka mayar da Dither zuwa None, ka fitar da fayil a WAV mai bit 16. Babu ƙara murya ko ragewa a wannan hanya, bar komai a inda yake. Kashe intanet, hana laftof barci, kada ka buɗe wani abu har a gama.

Ranar juyi, sa kaset ka tura shi ƙarshe sau ɗaya ka dawo da shi farko, don naɗin da ya shekara ashirin a takure ya saki. Danna ɗauka a kwamfuta tukuna, sannan ka kunna kaset. Kada ka ce bari in ɗan saurara in ji abin da ke ciki. Kunnawar farko ita ce ta juyi, domin wani kaset ɗin sau ɗaya zai yarda. Zauna da abin kunne da littafi, kana rubuta mintin da aka canza waƙa da mintin da ka ji wata ƙara. Lambobin waƙoƙi da ke fitowa a fuskar na'urar ba sa shiga fayil ɗin WAV, sai ka rubuta da hannu. Ko an yi shiru bar shi ya kai ƙarshe, sau da yawa akwai wani wasan a gaba. Ba a gaggauta wannan aiki, kaset ɗin awa biyu awa biyu zai ci. Kowace awa megabayit 691 ce a kan 48, ko 635 a kan 44.1, wato in masu awa biyu ne, duka 62 ɗin ba za su kai gigabayit 90 ba. Koyi hannu da kaset biyu marasa muhimmanci, daga nan ka wuce kai tsaye zuwa waɗanda suka fi daraja tun na'urar na da lafiya.

In matsala ta taso, yanayinta zai gaya maka tushenta. Ƙara a wuri ɗaya duk lokacin da aka maimaita, zaren ne ya ji rauni a nan. Ƙarar da ke canza wuri, hedi ne ya yi datti ko na'urar ta gaji. Kaset ɗin da ke ƙara daga farko har ƙarshe, gwada shi a rikodar Baba. Tsallaken da ke cikin fayil amma ba ka ji shi a abin kunnen da ke jikin na'urar ba, laftof ce ta yi tuntuɓe, ƙara girman Buffer, wato ma'ajiyar wucin gadi da ke saitin manhajar, ka sake. Sautin da ke fashewa daidai lokacin da aka doka ganga, tun a filin wasa ya wuce iyaka, haka aka ɗauke shi. In ƙara ta fara tana ƙaruwa, tsayar, fitar da kaset, wanke hedi. Wurin da ya ƙi, maimaita shi kaɗai sau biyu ko uku, ka ajiye kowane gwaji, daga baya a ɗauki mafi kyau a haɗa.

Akwai gwajin da ke tabbatar da cewa haɗinka daidai ne, ka yi shi tun ranar farko. Ɗauki minti ɗaya na lafiyayyen kaset sau biyu, jera su a manhaja su hau kan juna daidai, ka kifar da ɗaya da umarnin Invert, ka kunna su tare. In ka samu shiru tsit, lambobin na isowa yadda suke. In wani sauti ya rage duk tsawon mintin, akwai abin da ke taɓa su a hanya, koma kan agogo da saitin Windows.

Ƙaramin abu guda: in fuskar na'ura ta nuna EMPHASIS, an ɗaga siraran sautuka lokacin ɗauka, fayil ɗin zai fito da kaifi. Rubuta a littafinka, a sauke shi daga baya a kan kwafi da manhajar SoX, umarninta deemph.

Fayil ɗin farko da ya fito shi ne uwa, ba a yanka shi, ba a rage masa hayaniya, ba a ƙara masa ƙarfi. Tafi da guɗa da kirarin sanƙira da muryar mai shela duk cikin wasan suke, kada a share su. Duk gyara a kan kwafi za a yi, daga kwafin ne kuma za a yanka waƙa-waƙa a fitar da MP3 na waya. Sunan fayil ya ɗauki lambar kaset da shekara da wuri da makaɗi, da haruffa marasa ƙugiya don kowace na'ura ta karanta. Uwar ta zauna a wuri uku: rumbun ajiya na USB guda biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a gidan wani ɗan'uwa a Katsina ko Kano, na uku a ma'ajiyar intanet. FLAC na rage girman fayil da kusan rabi ba tare da zubar da komai ba, ya dace da na intanet. Filash da memori na rabawa ne, ba na ajiya ba. Duk shekara a jona rumbunan a buɗe wasu fayiloli a gani. Kaset ɗin kuma a mayar da su farko, a jera su a tsaye cikin gidajensu, a ɗaki mai sanyi nesa da lasifika saboda maganaɗisu.

Wani aikin da ba ya jira shi ne na sunaye. Rubutun Baba a jikin kaset ba zai wuce "bikin gidan Alhaji, 98" ba. Wane Alhajin? Wa ke jan waƙar, su wa ke amshi, wa ake yi wa kirari, wace sarauta ce aka naɗa? Masu amsar nan su ne iyayenku mata, da yaran Baba da suka ɗauki lasifika tare da shi, da dattawan makaɗan fada. Da ka juye kaset, kai musu a waya su saurara, ka rubuta abin da suka faɗa a fayil ɗin rubutu mai lamba ɗaya da ta kaset.

Game da Yaya, kada ka je masa da gardamar MP3. Juye kaset ɗaya da kyau, wanda muryar Baba ta fito a ciki yana gwada makirfo in akwai, ka kai masa har gida ya ji. Sannan ka gaya masa abin da aikin zai ci, ka nemi izininsa a matsayinsa na babba, ka kuma sanar da sauran magada, mata da maza, tunda kayan na kowa ne. Rabon gado na malamai ne, amma wannan kaya na da sauƙin da gona ba ta da shi, domin kowane magaji zai samu cikakken kwafi daidai da na ɗan'uwansa. In kuɗin haya da gyara sun yi maka yawa kai kaɗai, a yi karo-karo, rikodar kuma a sayar bayan kaset na ƙarshe ya fita.

Kafin wani abu ya hau Facebook ko YouTube, ku tuna kaset ɗin naku ne amma waƙar ta masu ita ce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba mai wasa haƙƙi a kan ɗaukar wasansa da yaɗa shi. Ku nemi makaɗan ko iyalansu, ku kai musu kwafi, ku nemi yardarsu, watakila ma ba su da ko ɗaya daga cikin wasannin nan. A saurari kowace waƙa da kunnen basira, domin zambo da habaicin da aka yi a 1998 na iya shafar mutanen da ke raye ko 'ya'yansu, irin wannan a bar shi a gida. Na kiɗan fada da Sallar Gani kuwa, in iyali sun amince, ku tuntuɓi Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina ko Gidan Arewa da ke Kaduna ku ji ko za su karɓi kwafi, tare da bayanan da dattawa suka ba ku.